Laifin Uba, Hukuncin Ɗa: Tsohuwar Gardama a Cikin Littafi Mai Tsarki

A shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Nebukadnesar Sarkin Babila, wanda littattafan Larabawa ke kira Bukhtanasar, ta kewaye Birnin Ƙudus, ta kwashe sarkin Yahuza da fadawansa da maƙera da masassaƙa zuwa ƙasar da ake kira Iraƙi a yau. Bayan shekara goma ko sha ɗaya, watau a 587 ko 586, rundunar ta komo, ta rushe ganuwar birnin, ta ƙone Haikalin da Annabi Sulaiman ya gina. A tsakanin waɗannan masifu biyu wani karin magana ya bazu a bakin mutanen Yahuza, na gida da na zaman bauta. Karin maganar a kan ɗanyen inabi ne, ma'anarsa kuwa ita ce wani ya tauna abu mai tsami, amma haƙoran wani dabam ne suka dasashe. Duk wanda ya taɓa tsotsar ɗanyar tsamiya ya san abin da ake nufi. Mutanen suna cewa ne iyayensu suka yi ɓarna, su kuma aka bar su da biya.

Annabawa biyu na wannan zamani, Irmiya a Ƙudus da Ezekiyel a bakin kogin Kebar na Babila, kowannensu ya ambaci karin maganar, kowannensu kuma ya ƙi shi. To, amma masu faɗinsa ba daga son ransu suka ƙago shi ba. Suna da madogara a cikin Attaura kanta. Daga nan ne tambayar ta taso, wadda Yahudawa da Kirista suka shafe fiye da shekara dubu biyu suna juyawa: shin Littafi Mai Tsarki yana koyar da cewa kowa nasa laifi zai ɗauka, ko kuwa laifin mutum ɗaya yana hawa kan zuriyarsa da al'ummarsa?

Madogarar farko tana cikin Dokoki Goma, a sura ta 20 ta Littafin Fitowa, aka kuma maimaita ta a sura ta 5 ta Maimaitawar Shari'a. A wajen hana bautar gumaka an bayyana cewa Allah yana bin sawun muguntar iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu ta maƙiyansa, alhali ƙaunarsa tana kaiwa ga dubbai na masu kiyaye umarninsa. Irin wannan magana ta sake fitowa a Fitowa sura ta 34 da Littafin Ƙidaya sura ta 14. Sai dai a cikin wannan Maimaitawar Shari'a ɗin, sura ta 24 aya ta 16, akwai doka a fili wadda ta hana a kashe uba saboda ɗansa ko ɗa saboda ubansa. Surori goma sha tara kawai ke tsakanin maganganun biyu, a littafi guda.

Labaran da ke cikin littattafan tarihi sun ƙara dagula al'amarin. A sura ta 7 ta Littafin Joshuwa an ba da labarin Akan, wanda ya ɓoye wata alkyabba ta ƙasar Babila da shekel 200 na azurfa da curin zinariya mai nauyin shekel 50 daga ganimar Yariko, bayan an haramta taɓa komai. Ba a daɗe ba aka kori mayaƙan Bani Isra'ila daga ƙaramin garin Ai, mutum wajen 36 suka mutu, ba kuwa wanda ya san zancen alkyabba a cikinsu. Abin lura shi ne marubucin ya jingina laifin ga Isra'ila dukanta, ko da yake mutum ɗaya ne ya miƙa hannu. Wake ɗaya ke nan ya ɓata gari. Da aka gano Akan, sai aka kai shi kwarin Akor tare da 'ya'yansa maza da mata da dabbobinsa da alfarwarsa. Nassin Ibrananci a nan yana tangal-tangal tsakanin lamirin mutum ɗaya da na jam'i, har wasu masu tafsiri suka yi ƙoƙarin cewa 'ya'yan kallo kawai aka kai su yi, amma sura ta 22 ta littafin ta tuna cewa Akan bai hallaka shi kaɗai ba.

Labarin da ya fi wannan ɗaci yana cikin Littafin Sama'ila na Biyu, sura ta 21. Yunwa ta yi shekara uku a zamanin sarautar Dauda. Da aka nemi dalili, sai aka ce alhakin Gibeyonawa ne, waɗanda Sarki Saul, wato Ɗalutu, ya karkashe bayan akwai rantsuwar amana tsakaninsu da Bani Isra'ila. Saul ya riga ya mutu. Gibeyonawa suka ƙi karɓar azurfa ko zinariya, suka nemi mutum bakwai daga zuriyarsa, aka ba su, suka kashe su a farkon kakar sha'ir. Biyu daga cikinsu 'ya'yan wata ƙwarƙwarar Saul ne mai suna Rizfa. Wannan mace ta shimfiɗa tsumma a kan dutse, ta zauna tana korar tsuntsaye da rana da namun daji da dare daga gawawwakin, tun farkon girbi har ruwa ya sauko. Marubucin bai sa ko kalma ɗaya a bakinta ba. Amma sai da labarinta ya kai ga sarki, ya sa aka tattara ƙasusuwan Saul da Jonatan aka binne cikin mutunci, sa'an nan littafin ya ce Allah ya karɓi roƙon da aka yi domin ƙasar. Masu karatu da yawa sun ga cewa zaman Rizfa a kan dutsen nan shi kansa ƙara ce da aka kai a kan hukuncin.

A ɗaya gefen kuma ga Amaziya Sarkin Yahuza, a Littafin Sarakuna na Biyu sura ta 14. Da ya hau gadon sarauta ya kashe bayin da suka kashe ubansa Yowash, amma ya bar 'ya'yansu da rai, marubucin kuma ya yabe shi, ya ce ya bi dokar Musa. Ga kuma Annabi Ibrahim a Farawa sura ta 18, yana roƙo saboda Saduma, yana rage adadin salihan da za su sa a bar birnin daga hamsin har goma, hujjarsa ita ce bai dace da Alƙalin duniya ya haɗa mai gaskiya da mugu ya share ba. Har ma tawayen Kora, wanda sura ta 16 ta Littafin Ƙidaya ta nuna kamar ƙasa ta haɗiye gidajen 'yan tawaye ɗungum, sura ta 26 ta komo ta ce 'ya'yan Kora ba su mutu ba, sunan zuriyarsa kuwa yana kan Zabura da dama.

Hanya ta farko da masana suka bi wajen warware wannan ƙulli ita ce rarrabe kotun mutane da hukuncin Allah. Shaihun malami Moshe Greenberg ya bayyana wannan a wata maƙala ta 1960, inda ya gwada dokokin Attaura da na maƙwabtansu. Hammurabi Sarkin Babila, wanda ya yi mulki a ƙarni na 18 kafin haihuwar Annabi Isa, an tono dutsen dokokinsa a Susa ta ƙasar Iran a ƙarshen 1901 da farkon 1902, yana kuma ajiye a gidan tarihi na Louvre a Faris. Doka ta 230 a jikin dutsen ta ce idan magini ya gina gida ya rushe ya kashe ɗan mai gidan, ɗan maginin za a kashe. Doka ta 210 ta ce wanda ya bugi 'yar wani mai ciki ta mutu, 'yarsa za a kashe. A idon wannan shari'a ɗa dukiyar ubansa ne, hasara kuma da irinta ake rama ta. Attaura ba ta da irin wannan doka. A zancen sa mai tunkuyi, a Fitowa sura ta 21, an ambata cewa ko ɗa ko 'ya san ya kashe, hukuncin bai sake ba, yana kan mai san. Saboda haka, in ji wannan ra'ayi, an ɗaure hannun alƙali, an hana shi taɓa kowa sai mai laifi, amma abin da ya shafi keta alkawari da Allah, kamar bautar gumaka ko satar abin da aka keɓe masa, Allah ya bar wa kansa ikon faɗaɗa shi.

Wannan bayani ya yi maganin rabin matsalar. Ya daidaita Dokoki Goma da dokar sura ta 24, ya kuma bayyana Amaziya. Inda ya gaza shi ne wajen Ezekiyel, domin Ezekiyel ba zancen kotu yake yi ba. Hukuncin Allah kansa yake magana a kai.

Sura ta 18 ta littafinsa an tsara ta ne kamar yadda alƙali ke jera mas'aloli. Ga mutum adali, ba ya cin riba, ba ya riƙe jinginar matalauci, yana ciyar da mayunwaci: wannan zai rayu. Ya haifi ɗa ɗan fashi mai zub da jini: wannan zai mutu, adalcin ubansa ba zai cece shi ba. Shi kuma ya haifi ɗa wanda ya ga duk abin da ubansa ya aikata ya ƙi bin sawunsa: wannan zai rayu. Tsara uku ke nan, daidai tazarar da Dokoki Goma suka ambata, da wuya kuwa a ce dace ne kawai. Daga nan annabin ya ƙara gaba, ya ce ko a rayuwar mutum ɗaya jiya ba ta ɗaure yau, mugun da ya tuba za a manta da muguntarsa, adalin da ya juya baya ba za a tuna da adalcinsa ba. Abin mamaki a cikin surar shi ne masu sauraronsa ne suke gardama, suna tambayar dalilin da zai hana ɗa ɗaukar laifin ubansa. Watau tsohuwar koyarwar ta zame musu mafaka. Muddin laifin na kakanni ne, su ba abin da za su gyara.

Sun kuwa san kakan da suke nufi. Littafin Sarakuna na Biyu ya ɗora faɗuwar Ƙudus a kan Sarki Manassa, wanda ya yi shekara 55 yana sarauta, ya kafa bagadan gumaka a cikin Haikali, ya zub da jinin marasa laifi. Jikansa Yosiya ya yi gyara irin wanda littafin ya ce ba sarkin da ya taɓa yi, duk da haka aka kashe shi a Magiddo a 609, aka kuma ce fushin da Manassa ya jawo bai huce ba. Zadakiya, sarkin da birnin ya faɗi a hannunsa, ɗan Yosiya ne, tsara ta huɗu in an fara ƙirga daga Manassa. Littafin Makoki ma ya yi kukan cewa iyaye sun yi zunubi sun shuɗe, na baya ke ɗauke da kayan. Littafin Irmiya kuwa yana da muryoyin biyu duka: sura ta 31 ta yi alkawarin zamanin da za a daina karin maganar inabi, sura ta 32 ta komo da zancen saka wa 'ya'ya laifin iyaye, sura ta 15 kuma ta ambaci Manassa da suna.

Da aka zo rubuta Littafin Tarihi, bayan komowa daga Babila, sai labarin Manassa ya sake kama. A sura ta 33 ta Tarihi na Biyu an ce Assuriyawa sun kama shi sun kai Babila a ɗaure, ya ƙasƙantar da kansa ya tuba, aka maido shi kan gadonsa. Littafin Sarakuna bai san wannan tuba ba. Da wannan, marubucin Tarihi ya bayyana dalilin da mugun sarki ya yi dogon zamani, ya kuma mai da alhakin faɗuwar birnin kan Zadakiya da manyan firistoci da jama'ar zamaninsa. Wannan shaida ce mai ƙarfi cewa marubutan da kansu sun ji nauyin tambayar, suna kuma amsa wa juna.

Malaman Yahudawa na farko ba su ɓoye saɓanin ba. Fassarar Aramaik da ake kira Targum Onkelos ta ƙara sharaɗi a Dokoki Goma, cewa hukuncin yana bin 'ya'ya ne idan sun ci gaba da zunubin iyayensu. Talmud ta Babila ta ɗauki wannan matsayi a babin Berakot da na Sanhedrin. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma a babin Makkot akwai magana mafi ƙarfin hali, wadda aka danganta ga Rabbi Yose bar Hanina, cewa Musa ya yanke hukunci huɗu a kan Isra'ila, annabawa huɗu suka zo suka soke su, Ezekiyel kuwa shi ya soke na laifin iyaye. Malami ne mai imani da littafin yake faɗin haka, bai kuma ga cewa ya rushe littafin ba.

Masanan Turai na ƙarni na 19 da farkon na 20 sun so labari mai miƙaƙƙen layi. A ganinsu Bani Isra'ila sun fara da tunanin dangi, inda ba a san mutum ba sai a cikin gidansa, sa'an nan Irmiya da Ezekiyel suka gano darajar mutum ɗaya. Baturen Ingila H. Wheeler Robinson shi ya shahara da wannan ra'ayi na ɗaukar al'umma tamkar jiki guda. A 1970 John Rogerson ya nuna cewa ra'ayin ya ginu a kan tsofaffin zato na masu nazarin al'adu game da waɗanda suke kira mutanen farko, zaton da aka riga aka yar. Paul Joyce kuma, a littafinsa na 1989, ya ja hankali ga cewa Ezekiyel gidan Isra'ila baki ɗaya yake kira ga tuba, uba da ɗa da jika a cikin surar misalai ne na tsararraki. Annabin nan da kansa, a sura ta 21, ya yi zancen takobin da zai datse adali da mugu tare. Layin dai bai miƙe ba.

Akwai wani bayani mai sauƙi da ya kamata a ajiye kusa. Gidan uba a tsohuwar Isra'ila gandu ne, tsoho da 'ya'yansa da jikoki, wani lokaci har tattaɓa-kunne, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Tsara uku zuwa huɗu ita ce iyakar waɗanda mutum zai iya gani da idonsa. Wanda ya san zaman gandu a ƙasar Hausa ba ya bukatar a gaya masa cewa mai gida in ya ci bashi ko ya jawo gaba, har jariri sai ya ɗanɗana. A wannan karatu ayar tana faɗin yadda duniya take tafiya ne, tana kuma sa iyaka, huɗu a gefen hukunci, dubbai a gefen jinƙai. Tunanin ma ya girmi Isra'ila: Mursili na Biyu, Sarkin Hittiyawa a ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bar addu'o'i saboda annobar da ta addabi ƙasarsa, inda ya amsa cewa laifin ubansa Suppiluliuma ne ya sauko a kansa. Gaskiyar magana, bambanci tsakanin shan wahalar laifin wani da zama mai laifin yana warware ayoyi da yawa, amma bai kai ga 'ya'yan Rizfa ba. Su ba guguwa ce ta biyo ta kansu ba, zaɓo su aka yi aka miƙa.

Sabon Alkawari ya gaji muryoyin biyu. A Yahaya sura ta 9 almajirai sun tambayi Yesu ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. A Luka sura ta 13 ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mazauna Ƙudus laifi. Bulus kuwa, a sura ta 5 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya gina hujjarsa a kan cewa ta mutum ɗaya, Adamu, zunubi da mutuwa suka shigo, ta mutum ɗaya kuma, Almasihu, afuwa ta samu. Augustine, limamin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya karanta wannan a fassarar Latin wadda ta nuna cewa a cikin Adamu kowa ya yi zunubi, alhali masana da yawa suna ganin kalmar Girkancin tana nufin saboda kowa ya yi zunubi. Ya yi doguwar jayayya da Pelagius da mabiyansa, waɗanda Ezekiyel na cikin hujjojinsu, har majalisar limamai ta Kartaj ta goyi bayansa a 418. Ikilisiyoyin Gabas sun fi karkata ga cewa mutuwa da raunin hali aka gada, ba laifin kansa ba. Musulunci kuwa bai karɓi gādon zunubi ba, Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa kowace rai nata kaya take ɗauka, Suratun Najmi kuma ta danganta wannan ƙa'ida ga takardun Musa da Ibrahim.

Da a ce gardamar ta tsaya a zauren malamai, da da sauƙi. A Farawa sura ta 9 Ham ne ya yi wa ubansa Nuhu rashin ladabi, amma la'anar ta faɗa kan ɗansa Kan'ana. Nassin bai ambaci launin fata ba, bai kuma la'anci Kush ba, wanda ake danganta mutanen kudancin Masar da shi. Duk da haka masu cinikin bayi da masu wa'azin kudancin Amurka kafin yaƙin basasa na 1861 sun mai da labarin hujjar bautar da baƙar fata har abada, ba ma tsara huɗu ba. Haka nan aya ta 25 a sura ta 27 ta Matiyu, inda taron da ke gaban Bilatus ya ɗauki alhakin jinin Yesu a kansa da 'ya'yansa, ta zama makami a kan Yahudawan Turai ƙarni bayan ƙarni, musamman a makon Ista.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tambayar ta juyo kan Jamusawa. Gwamnatin Hitler da kanta ta yi aiki da kamun dangi, ta tsare mata da 'ya'yan hafsoshin da suka yi yunƙurin kashe shi ranar 20 ga Yuli 1944. A watan Oktoba na 1945 shugabannin ikilisiyar Furotesta ta Jamus suka fito da sanarwar Stuttgart, suka amsa laifi da lamirin jam'i, abin da ya fusata Jamusawa da yawa masu cewa su ba su kashe kowa ba. A 1946 masanin falsafa Karl Jaspers ya raba laifi kashi huɗu, ya ce na kotu da na lamiri suna kan mutum ɗaya ɗaya, amma alhakin siyasa yana kan duk ɗan ƙasa, ko ya so gwamnatin ko ya ƙi ta. A 1949 sashe na 33 na Yarjejeniyar Geneva ta Huɗu ya haramta hukunta farar hula saboda laifin da ba shi da kansa ya aikata ba. Cocin Katolika kuwa sai ranar 28 ga Oktoba 1965, a Majalisar Vatican ta Biyu, ta zartar da takardar Nostra Aetate, wadda ta ce ba za a ɗora mutuwar Almasihu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yau. Limamai 2,221 suka amince da ita, 88 suka ƙi.